Shekarar Da Harbina Ya Watse

Ba ni da tabbacin cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daki-daki. Shekaru sun ɗan ja, kuma a lokacin ina cikin irin tsoron da ba ya barin mutum ya riƙe abu yadda yake. Wasu maganganun ma'anarsu kawai na tuna, sai na mayar da su da kalmomina. Mai yiwuwa ma na haɗe wata ranar da wata. Amma jigon abin, wannan ina jin ban ɓata shi ba.

Ni malamin lissafi ne a wani koleji nan Agadas. Harbi da bindigar iska a Yamai na koye shi, lokacin ina jami'a, a rumfunan wasa na bikin karmes inda ake jera ashana da balan-balan a ce ka harba. Abokaina don dariya suke yi, ni kuwa abin ya kama ni da gaske. Da na dawo gida na fara aiki, sai na sayi wata tsohuwar karabin, wato doguwar bindigar iska, a hannun wani shofer mai tuƙa mota zuwa arewa. Irin wadda ake karya bakinta a ɗana ce, a saka ɗan harsashin dalma guda, wanda muke kira plon. Tana da linet a samanta, wato ɗan madubin nan mai gicciye a ciki da ake leƙawa a saita. Ba na harbin tsuntsu, ba na harbin ƙadangare. Kwalin shayi nake yankawa, in ɗiga baƙar tawada a tsakiya, in jingina shi da bango. A tsakar gidan mahaifina da ke Dagmanet, in na zauna na natsu, ramukan da nake yi a kwali murfin kwalba yana rufe su duka. Ba yabon kai ba ne. In ban faɗi wannan ba, ba za a gane abin da ya firgita ni daga baya ba.

Mahaifina tela ne, ko in ce tela ne a da. Ya makance tun ina koleji, da ciwon da likitoci ke kira tansiyon ido. Ƙanwarsa ma haka ta ƙare, kuma an ce uwarsu da sanda take tafiya a ƙarshen rayuwarta. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ciwon nan gado ne, amma na yi karatu daidai gwargwadon da zan san haka da kaina. Keken ɗinkinsa yana nan a zaure, an lulluɓe shi da zane, kuma kullum na shiga gidan sai na kau da kai daga gare shi. In ina harbi, Baba yana zaune a zauren yana saurare. Ya ce ƙarar plon ɗin da ya faɗa ramin ɗan'uwansa daban take da ta wanda ya huda sabon wuri. Ban san ko gaskiya ne ba, amma sau da yawa in ya ce "wannan ya shiga", in na je sai in tarar ya shiga.

Sai na yi aure. Matata ƴar tsohon gari ce, amma mahaifinta asalinsa daga Timia yake, can cikin duwatsu, ya sauko tun yana saurayi ya yi garka a bakin kori, wato rafin da sai da damina yake kawo ruwa, yana noman albasa da tumatir a ƙarƙashin dabino. Alhaji nake ce masa. A gidanmu hula muke sawa, amma a wurinsu namiji mai aure da rawani aka san shi, kuma a bikin suka naɗa mini. Matata ta koya mini ƙa'idar tun kafin in kunyata ta. Amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da kumatu, ba a sauke shi gaban suruki. Ba a ci, ba a sha da buɗaɗɗen baki a gabansa. In shayi ne, ta ƙarƙashin ƙyallen ake cusa kofin. Na karɓi wannan da zuciya ɗaya, don ina son su, kuma ni mutum ne mai tsoron yin kuskure.

Gidan da muka kama ƙarami ne, tsakar gidan ba ta isa harbi ba. Kuma zamani ya zama wanda ba a son a ga mutum da abu mai siffar bindiga a unguwa, ko da ta iska ce. Alhaji ne da kansa ya ce in riƙa kawo ta garka, tunda akwai doguwar katanga ta laka kuma ba mai wucewa ta bayanta. Sai ya zama ranar da ba lakkwal, wato ba makaranta, nakan naɗe karabin ɗin cikin tabarma, in ɗaura a moto, in tafi da hantsi. Ina zama a gindin wani dabino, kwalin yana jikin katanga, Alhaji yana gefe da ɗan murhunsa yana dafa shayi.

A nan harbina ya watse.

Da farko ban damu ba. Na ce sabon wuri ne, kuma nisan ya ɗan fi na gidan Baba. Amma ramukan da murfin kwalba ke rufewa suka koma sai tafin hannu, wani lokaci tafin hannun ma bai rufe su. Kuma ba gefe guda suka karkata ba, da na ce linet ce ke son gyara. Wannan sama, wannan hagu, wannan can ƙasa, wani ma ya bar kwalin gaba ɗaya ya tayar da ƙurar katanga.

Alhaji ya ce, "Malam, bangon kake harbi yau ko kwalin? Bangon nan dai ni na gina shi, bai yi maka laifin komai ba."

Na ce, "Iska ce, Alhaji."

Ya ɗaga kai ya dubi dabinon. "Iska? Ganyen nan ma barci yake."

Na yi dariya a bayan ƙyalle, amma ba har zuci ba.

Abin da ya fi rikita ni shi ne ba kullum ba ne. Wata rana in na zo na tarar Alhaji ya tafi kasuwa, sai harbin ya dawo kamar da, in koma gida ina murna. Wata ranar kuma ina ni kaɗai ɗin, sai ya watse. Na yi tunanin ko kunyar suruki ce ke sa hannuna rawa. Na cika buhun albasa da yashi, na ɗora bindigar a kai yadda hannuna ba ya ɗaukar nauyinta. Bai canza komai ba.

Sai na fara bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake koya wa ɗalibai su bi lissafi. Na fara da plon. Na juye gwangwanin a faifai, na ware waɗanda bakinsu ya lotse da waɗanda suka yi fari-fari don tsufa. Na sa aka kawo mini sabon gwangwani daga Yamai. Haka dai. Na koma kan bis, wato ƙusoshi masu murɗawa da ke riƙe ƙarfen da katako, na bi su da turnabis, abin ɗaure su, na samu ɗaya ya saki. Ranar nan har waƙa na yi a kan moto, na ce na kama ɓarawon. Da na koma garka, harbin ya watse kamar ban taɓa komai ba. Na yi wa ƙafafun linet alama da alli don in ga ko tana zamewa in bindigar ta girgiza. Ba ta motsa ba. Na zura zare da ɗan tsumma na wanke cikin bututun. Na ga ɗan zoben da ke toshe iska a inda bindigar ke karyewa, wanda makanikai ke kira juwan, kamar ya ɗan tsufa, na kai wa wani baduku ya yanko mini sabo da fata.

Matata ta ce, "Ka kwance ta, ka ɗaure ta, ka sake kwance ta. Ranar da ta gaji za ta kai ƙararka wurin mai unguwa."

Na ce mata abu kaɗan ya rage.

Akwai ranar da na ɗebo man keken Baba na ɗiga a ramin da iska ke fitowa, ina tsammanin resor ɗin ciki, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura iska, shi ne ya bushe. Ban san cewa irin wannan man yana kamawa da wuta in iska ta matse shi ba. Da na ja kunama sai ta yi ƙara kamar bindigar gaske, hayaki ya fito ta baki. Alhaji ya zabura har shayi ya zube a wuta. Maƙwabcin garka ya leƙo ta kan katanga yana salati. Muka yi tsit muna sauraron hanya, ko wata mota za ta tsaya. Ba wadda ta tsaya. Alhaji ya ce, "Malam, in yaƙi za ka fara, ka bari in kwashe albasata tukuna."

Duk wannan kwance-kwancen, ina jin na san dalilin da ya sa nake yin sa. Kowane bis da na ɗaure, ina roƙon Allah ya sa shi ne. Domin in ba plon ba ne, ba bis ba ne, ba linet ba ce, to abu guda ya rage a bayan linet ɗin, kuma shi ne idona na dama.

Na fara gwada kaina a ɓoye. A cikin aji, in ɗalibai sun duƙufa kan aiki, sai in koma bayan aji in rufe ido ɗaya da hannu in karanta abin da na rubuta a allo. In na bi ta wajen babban masallaci, sai in tsaya in ƙirga itatuwan da suka fito daga jikin hasumiya, in ga ko na sama suna nan a rarrabe. Wata rana in gan su sarai. Wata rana zafin rana ya sa su rawa, in tsaya a bakin hanya har masu moto su yi ta yi mini oda. In na tashi daga barci, kafin in yi addu'a sai na buɗe ido na nemi tsagar da ke jikin rufin ɗakinmu. Na lura ina kallon fuskar matata fiye da kima, kamar mai haddace ta. Ta tambaye ni ko wani abu ne a fuskarta, na ce babu.

Gidan likita kuwa na ƙi zuwa. Na san wannan ba hankali ba ne, kuma a lokacin ma na sani. Amma na raka Baba ranar da aka gaya masa an makara, na ga yadda ya sa hularsa a hankali ya yi wa likitan godiya. Ina ganin muddin ban shiga ɗakin nan ba, maganar ba ta tabbata ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna kusa da Baba a zaure, na tambaye shi yadda nasa ya fara.

Ya juyo da kunnensa wajena. "Me ya kawo wannan tambaya?"

"Haka kawai, Baba."

"Shekara nawa muna zaune a zauren nan ba ka tambaya ba, sai yau haka kawai?" Ya ci gaba da murza carbi. "Wata rana garau, wata rana kamar an hura hayaki a ɗaki. Kuma ba allura ce ta fara guje mini ba, zare ina zura shi har kusan ƙarshe. Ƙofa ce ta fara dukana a kafaɗa. Mutum ya zo ta gefena ya yi sallama, in zabura."

Ya kamata in ji wannan in ɗan samu sauƙi, tunda ni ba ƙofar da ta buge ni. Amma kunnena bai ɗauki komai ba sai "wata rana garau, wata rana hayaki". Haka harbina yake. Na tashi na ce ina da takardun ɗalibai da zan gyara.

Ya ce, "Kwana biyu ba ka kawo bindigar nan gidan. Na yi kewar ƙararta."

Na ce masa garka ta fi faɗi.

Gwaji guda ya rage, kuma na san shi tun farko, gudunsa nake yi. In ana son a san ko bindiga ce ko maharbi, sai a ba wani ya harba da ita. Na daɗe ina jinkirtawa. Wata safiya da harbin ya fi kullum lalacewa, na miƙa wa Alhaji ita da hannu biyu, na ce ko zai gwada.

Ya ce, "Ni? Rabona da bindiga tun ina korar dila daga awakin babana a dutse."

Amma ya karɓa. Ya zauna a wurina, ya gyara amawalinsa, ya ɗora ta a buhun yashin. Na nuna masa yadda ake ɗanawa. Ya harba, ya sake, ya sake, ba ya ko gaggawa, yana ta gunaguni cewa madubin nan yana sa katanga ta zo masa har hanci. Muka taka zuwa kwalin tare. Ramukansa ba su hau kan ɗigon ba, suna ɗan ƙasa da shi, amma a dunƙule suke wuri guda. Da na ɗora babban yatsana sai ya kusa rufe su.

Alhaji ya yi dariya. "Ashe tsoho bai mutu ba! Malam, bindigarka lafiyarta lau."

Ya faɗa ne don in ji daɗi. Ni kuwa ji na yi kamar an karanta mini hukunci. Mutumin da ya haifi matata, da furfura a gira, idonsa ya fi nawa. Na ce zan je in wanke hannu. Na zagaya bayan rijiya na tsuguna, na dafa bakin siminti, na kasa tashi. Abin da ke zuwa mini a rai ƙanana ne. Wa zai riƙa karanta mini takardun ɗalibai kafin a gane a sallame ni. Ko matata za ta riƙe mini hannu a hanya, ko sanda zan koya. A wane zaure za a ajiye ni. Ina jin Alhaji yana ƙwala mini kira cewa shayi na biyu ya yi, na amsa da muryar da ban san ta ba.

Ban san yadda na tuƙo moto zuwa gida ranar nan ba. Na tuna dai ina tafiya a hankali ƙwarai, har wani mai amalanke ya wuce ni.

Bayan wannan na yi makonni ban taɓa bindigar ba. Da na koma garka, don gaisuwa na koma, kuma na ɗauko ta ne kawai don kada Alhaji ya tambayi dalili. Lokacin zafi ne sosai. Muna zaune sai maƙwabcin nan ya kira shi, wai motopomp ɗinsa ta ban ruwa ta ƙi tashi, ya zo ya duba masa. Alhaji ya tafi. Na sauke amawalin har ƙarƙashin haɓa, na sha ruwa daga salka, na zuba saura a wuya. Na zauna ina kallon kwalin. Ban sa ran komai ba, na ɗana na harba don dai hannu ya samu abin yi. Na sake. Na yi ta yi har na ƙare ƴan plon ɗin da ke tafin hannuna. Da na leƙa ta linet sai na ga kamar rami guda ne ya ɗan yi faɗi. Na tashi na je na duba. Haka ne.

Ban yi murna ba. Na ce yau ranar garau ce. Na sa sabon kwali na dawo na zauna, na ɗana. Sai na ji tarin Alhaji ta bayan dabino, yana dawowa. Hannuna ya ja amawalin ya rufe baki da kansa, ban ko yi tunani ba. Na kwantar da kumatu a kan katakon bindiga kamar kullum.

Sai na ji kumatuna bai taɓa katako ba.

Tsakanina da shi akwai ninkin ƙyalle, kuma ranar nan wani kauri na rawanin ya faɗo daidai gefen dama. Kaina ya ɗago kaɗan, ya kuma karkata. A cikin linet na ga wani baƙin lauje a gefe, wanda babu shi ɗazu. Na tsaya cak. Bindigar tana kwance a buhun yashi, ba ta motsi. Na ɗan gusar da kaina sama, sai gicciyen ya sauka daga kan ɗigon. Na gusar da shi gefe, gicciyen ya bi ɗaya gefen. Ƙyallen kuma sabo ne mai santsi, yana zamewa a kan katakon ko da numfashi na yi.

Na san wannan a karatu. Linet mai araha, in ido bai zauna daidai tsakiyarta ba, gicciyen yana nuna wurin da bututun bai nufa ba. Shi ya sa maharbi ke ɗora kumatunsa wuri guda kullum. Ni kuwa sabon shiga ne a rawani, yadda na naɗa shi yau ba haka zan naɗa gobe ba, kuma ko a zama guda yana sassautawa ina ja. Kowane harbi daga wani wuri idona ke leƙawa. Alhaji tun yana saurayi hannunsa ya san naɗi guda, amawalinsa a ɗame yake kamar fatar fuskarsa. Ranakun da nake ni kaɗai kuma, ina jin wani lokaci nakan sauke, wani lokaci in bar shi yadda na taho da shi a kan moto don na fara sabawa. Wannan na ƙarshen zato ne, ban riƙe kowace rana ba.

Alhaji ya zauna yana goge baƙin mai a hannunsa. "Ka harba mana. Ko sai an yi maka kiɗa?"

Na harba. Ya tafi can hagu. Ban taɓa jin daɗin kuskure kamar wannan ba. Amma ba yadda zan ce wa surukina kunyarsa ce ke karkatar mini da harsashi, kuma ba zan buɗe baki a gabansa in nuna masa ba. Na ce rana ta yi, zan koma.

Matata na gaya wa, tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ta yi dariya har ta ajiye rariya ta riƙe ciki.

"Wato duk bis ɗin nan da ka wahalar, da fatar da ka sa baduku ya yanka, ashe rawani ne? Kai, ɗan masu hula! Da ka ce in naɗa maka."

Ina dariya tare da ita, sai kawai na ji muryata ta karye. Ta dube ni, dariyar ta tsaya.

"To da me ka ɗauka?"

Na gaya mata duka. Allo, hasumiya, tsagar rufi, bayan rijiya. Tana saurare, garin yana nan fari a hannunta.

"Shi ya sa kake kallona kamar za ka yi tafiya." Sannan ta ce, "Wata da watanni kana ganin za ka makance, kana kwana kusa da ni, ba ka faɗa ba. Turnabis ka gaya wa."

Na ce ai yanzu ya wuce, tunda an gano dalili.

"Rawani ka gano. Idon wa ya duba?"

Na kawo hujjoji, kuma ina ganin wasunsu ba laifi. Na ce gwajin ya nuna a fili, ba amawali harbi daidai, da amawali harbi ya watse, babu sauran abin da ido zai bayyana. Ta ce ita ba ɗalibata ba ce. Ta ce ko in tafi da ƙafata, ko ta gaya wa Baba da Alhaji su kai ni kamar ɗan kaciya.

Muka tafi tare. A ɗakin jira tsoron ya dawo mini sabo, har na ji ina son in tashi in ce na manta wani abu a moto. Ta riƙe bakin rigata. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi ko akwai mai ciwon ido a gidanmu, na lissafa mata, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kuma sai yau?" Ta ɗiga mini magani, ta auna, ta sa na leƙa cikin wani akwati ina danna maɓalli duk lokacin da na ga ɗan haske.

Idon dama, wanda na yi ta zargi, ta ce lafiyarsa lau. Na hagu ne tansiyonsa ya hau, kuma ya riga ya ɗan ci gefen ganina, kaɗan, ta wajen da ba na lura. Shi ne idon da nake rufewa in zan harba. Ko a gwaje-gwajena na aji, yanzu da nake tunani, shi nake rufewa da hannu in gwada ɗan'uwansa. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in na riƙe maganin ɗigawa safe da yamma ban yi wasa ba, kuma ina zuwa awo, akwai kyakkyawan fata a tsare sauran. Ba ta yi mini alkawari ba, na kuma lura da hakan.

Na kai wa Baba kwalbar maganin a zaure na sa masa a hannu. Ya shafa ta, ya girgiza ta kusa da kunne.

"Ƴar wannan ce?"

"Ita ce, Baba."

Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Kada ka bari ta ƙare kafin ka sayi wata."

Alhaji bai taɓa yi mini maganar ba, ko ta ido ko ta rawani. Ina zaton matata ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa. Abin da na sani shi ne, tun daga lokacin, in na ɗora bindiga a buhun yashi sai ya miƙe ya ce bari ya duba ruwan albasa. Ya tafi can ƙarshen garka ya juya baya, ni kuma in sauke amawali in harba. In zai dawo sai ya yi tari tun daga nesa. Ya ɗauki kwalin ya ɗaga shi a rana, ya ce, "Wa ya sani ko da ƙusa ka huda? Ni dai ban taɓa gani da idona ba."

Tsoron bai tafi ba, ba zan ce ya tafi ba. Duk ranar awo ba na iya karyawa, kuma in na bugi ƙofa da kafaɗa sai na tsaya na sake bi ta wurin a hankali. Zuwa awon da na yi na baya-bayan nan dai, likitar ta ce idon yana nan inda ta same shi.

Waɗanda suka ga wani ɓangare na wannan suna nan da ransu, matata da mahaifinta da maƙwabcin garka, da abokan aikin da wataƙila suka gan ni a bayan aji da hannu a ido. In wani ya tuna abin ba haka ba, ko na sa masa maganar da bai faɗa ba, ko na gabatar da abin da ya zo daga baya, ina roƙo ya aiko mini ko ya same ni ya faɗa, zan gyara.